Yadda Za Ka Gyara Keken Ɗinkin Matarka Da Kananzir Da Kyandir

Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin la'asar sunanka zai zaga dangin matarka kaf. Ni na jarraba, har yau ana zancena.

1. Ka hana a kira mai gyara

Keke ya fara cijewa, ga farar rigar aikin ƙanwarta ba a gama ba, gobe kuma za ta fara aiki a asibiti. Ka tambayi matarka ina amfanin namiji a gida. Ka naɗe hannun riga. Rabin gyara ke nan.

2. Ka yi lacca

Ka bayyana mata cewa kananzir da kyandir uwa ɗaya uba ɗaya suke, daga ɗanyen mai aka tace su. Ɗaya ruwa ne mai wanke dattin ƙarfe, ɗaya kaki mai sa abu santsi. Duk gaskiya ne, kuma nan iliminka ya ƙare. Kada ta gane.

3. Ka tuttula

Masu gyara ɗan ɗiga kananzir suke yi, su goge. Rowa ce kawai. Duk kafar da ka gani a jikin keken, ka ba ta ta sha ta ƙoshi. Zai yi gudu kamar sabo. Ka tsaya a yaba maka.

4. Kada ka gwada da tsumma

Mai gwaji da tsumma bai yarda da kansa ba. Ka sa ta ɗora rigar kai tsaye. Dattin shekara tara zai biyo allura, baƙi wuluk, daga wuya har aljihu.

5. Ka ɗauko kyandir

Fari ne, rigar ma fara ce. Ka goga a kan layin, ka bi da dutsen guga. Kakin zai narke, ya kwashi baƙin ya shimfiɗa shi ya kai faɗin tafin hannu.

6. Ka fuskanci mai riga

Wasan da ke tsakaninku ba zai cece ka ba. Ƙanwar matata ɗaga rigar ta yi, ta shinshina, ta ce, "Yaya, ni jinya aka ɗauke ni, ba kunna risho ba." Matata kuwa ƙyallen yadin ta miƙo min, ta nuna min ƙofa da almakashi.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, babu ruwana, ban ma san ka ba. Mai ƙorafi ya same ni a layin masu yadi, ina shago na goma sha ɗaya da ƙyalle a hannu. Ashe fari ma kala-kala ne.