Takalmin da Na Tuɓe a Ƙofar Ofis

"Lafiya lau. Ya mutanen Kazaure, masu kwana da takalmi a ƙafa?"

Haka na amsa gaisuwar jikana Ukasha ranar da ya zo Roni, bayan sati uku bai leƙo ni ba. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina, gwiwa a ciki, ƙafafu a waje, don ƙyuyar kwance igiyar baƙin takalminsa na ma'aikata. Ga wata leda a hannunsa.

"Amaryata, har yanzu fushin ne?"

"Wace amarya? Ai ka sake ni a ofis, gaban shaidu. Ka shigo ko ka fita, ka tsaya min rabi da rabi kamar akuyar da ta maƙale a danga."

Abin da ya haɗa mu kuwa, na je Kazaure a duba min ido, sai na ce bari in biya in ga inda mijin nawa yake aiki. Na tarar da ɗaki shimfiɗe da jan kafet, ya fi dardumar sallata tsabta. Ni tunda aka haife ni ban taɓa taka shimfiɗar mutum da takalmi ba, sai na tuɓe a ƙofa na shiga da sallama. Kowa ya bi ƙafata da kallo, wata mai jan baki tana ƙunshe dariya. Ukasha ya ɗago a gaban ogansa ya ce, "Baba, wa kike nema?" Na juya. Da na fito babu takalmi, mai shara ya ɗauka yasasshe ne ya haɗa da bola. Haka na hau mota ƙafa tsirara.

"Kaka, ke ma da laifinki. Wa ya ce ki tuɓe? Ofis ne fa, ba masallaci ba."

"To ku da kuke kwaso kashin kaji kuna goga wa kafet, ku ne wayayyu? Kakanka shekara talatin yana hidima a gidan hakimi, bai taɓa wuce zaure da takalmi ba."

"Shi ya sa kuka yi gasar faso ke da shi. Da kika taka kafet ɗin nan, sai da aka kira mai ɗinki."

"Fasona a fili yake. Kai cire takalminka mu ga abin da kake ɓoyewa."

"Sirrin gwamnati ne."

"Gwamnatin da ke wari haka tun daga ƙofa?"

Ya yi dariya, ya zaro sabon takalmi daga ledar, sai ƙyalli yake. "Daga Kano na sa aka kawo. Ko 'yan mata ba su samu irinsa ba."

Na ture shi da sandata. "Kai wa mai jan bakin. Wancan da aka zubar, kakanka Malam ne ya sayo min a kasuwar Kazaure, saura sati biyu ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Sau huɗu ana ɗinke min shi. Da na sani da na shiga da abina a ƙafa, ko korata za su yi."

Ukasha ya sunkuyar da kai. Ya sake tura hannu cikin ledar, ya fito da tsohon takalmina, ƙafar hagu kaɗai, an wanke shi fes.

"Babata ta gaya min labarin takalmin. Kwana biyu ina tona bolar bayan ofis da rigar aiki, masinjoji suna kallona. Ɗaya na samu, Kaka. Ɗayan ya tafi. Amma abin da na ce miki a gaban oga, shi ya hana ni zuwa. Ki yafe min."

Na karɓa na juya shi, ga ɗinkin nan na ƙarshe da baƙin zare. Idona ya fara ruwa, na ce maganin likita ne.

"To ƙafa ɗaya zan sa in riƙa ɗingishi?"

"Da ma ai kina yi."

"Ɗan banza."

Sai ya zauna a dandaryar ƙasa ya kwance igiyar nan, ya tuɓe, ya jera su a waje. Manyan yatsunsa biyu suka leƙo ta hujin safa kamar ɓeraye. Dariya ta ƙwace min har da tari.

"Wannan ne sirrin gwamnatin?"

"Na yarda, kin ci, tsohuwa."

"Shigo, an mayar da aure. Amma safar nan ita ma a waje za ta jira ka."