Yadda Ake Cika Aji Arba'in a Garin da Aka Daina Haihuwa

Malam ɗan'uwana, idan takarda ta iso maka cewa za a rufe makarantarka muddin ɗalibai ba su kai arba'in ba ranar da sufeto zai zo, kada ka tayar da hankalinka. Bi matakan nan a hankali. Ni na gwada su, kuma ƙofata a buɗe take har yau.

1. Fara da sanin garinku

Ƙirga ɗalibanka. Ni goma sha uku na samu, har da wanda mura ta kwantar. Sannan ka zaga gari. Matasa duk sun tafi birni, sun bar kwaɗo a ƙofa. Wanzami ya shekara bai aske baƙin gashi ba. Ungozoma ta koma kiwon kaji, don ta ce su kaɗai ke ƙyanƙyasa a garin nan. Kada ka yi baƙin ciki. Ƙaramin gari yana da sauƙin ƙirgawa.

2. Kada ka dogara da mutanen birni

Kira su a waya, don ladabi. Za su ce, "Haba Malam, ai garinmu ne! Bayan hutu za mu turo yaran." Daga nan sai su turo maka hotunansu. Ka yaba, amma ka sani hoto ba ya zama a benci.

3. Sake karanta takardar

Ɗalibai arba'in aka ce, ba a ambaci shekaru ba. Ɗauki rajista ka nufi barandar ɗakin shan magani, inda dattawan gari ke jiran awon jini. Durƙusa ka gaishe su, ka ce makarantar da 'ya'yansu suka yi ce za a rufe.

Ungozoma za ta ce, "Rubuta ni, ɗan nan. Duk wanda ya taɓa zama a ajin nan, ni na yanke masa cibiya."

Za ka samu ashirin da shida. Saura ɗaya, wato mahauci, wanda ya shekara talatin ba ya ga maciji da wanzami. Zai ce maka, "Ajin da wancan ke ciki? Gara a rufe." Ka yi masa godiya, ka tafi. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

4. Shirya ajin

Yara a baya, masu nauyin ji a gaba. Jera sanduna bayan ƙofa. Hana su tashi gaisuwa. Ni na manta da wannan, sai da sufeto ya yi minti biyar a tsaye yana sauraren ƙarar gwiwoyi.

5. Bar sufeto da su

Yaro ne matashi, kuma yana da tarbiyya, shi ne ma zai rusuna ya gaishe da ɗalibai.

"Ɗan gidan wa ne kai?" in ji ungozoma. "'Ya'yanka nawa?"

"Uku, Inna."

"To, me suke yi a can? Ga benci."

Don ya ɓoye kunya, zai yi tambayar da ya saba yi a kowane aji: "Baba, me kake so ka zama idan ka girma?"

Wanzami zai ce, "Yaro, in na ƙara girma a kan wannan, ai sai makara."

6. Idan lissafi ya tsaya a talatin da tara

Zai tsaya. Sufeto zai ƙirga sau biyu, ya buɗe biro. Kada ka roƙe shi. Dubi taga: mahauci yana can, ya zo kallon yadda wanzami zai sha kunya. Sai ka tambayi wanzami a hankali ko ya san wanda ya rage a gari.

Zai ɗaga murya ya ce, "Bar wancan, Malam. Kansa ƙashi ne zalla. Ko shekara zai yi, ba zai iya rubuta sunansa ba."

Matsa daga bakin ƙofa, don mahauci da gudu zai shigo. "Wa? Ni? Ba ni alli!" Da ya zauna, ka ce wa sufeto, cikin ladabi, ya sake ƙirgawa.

Tsame hannu

Duk abin da ya biyo baya, babu ruwana. Sufeto zai sa hannu, amma zai ce yana nan dawowa ba sanarwa, don haka ɗalibanka za su zauna daram. Za su gyara maka darasin tarihi, su yi gyangyaɗi a na lissafi. Mahauci da wanzami za su yi ta rigimar wanda ya zo na ɗaya.

Haka kuma ba ni na sa ungozoma ta rubuta wa ɗanta na birni wasiƙa ba. Wata shida ta yi tana koyon baƙaƙen, ni kan sarki kawai na manna mata. Ga abin da ta ce: "Mun riƙe muku wurin. Bencin ya yi mana gajarta. Ku kawo masu shi."