Ragon Suna da Kofin da Ba Mu Ci Ba

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kayar da ragon sunan ɗana a ƙofar gida, tun yaron bai zo duniya ba, don murnar wani kofin ƙwallo. Ko yanzu na tuna sai in ji zufa ta keto min a ƙeya, ko da ina zaune ƙarƙashin fanka.

Ni ɗan kasuwa ne, shadda da yadi nake sayarwa a babbar kasuwar Sakkwato. A layinmu kowa da ƙungiyar Turai da yake mutuwa a kanta. Ni kuwa na ware kaina, na ce ɗan kishin ƙasa ne ni, babbar gasar lig ta gida nake bi. Da yake a lokacin Sakkwato ba mu da wakili a gasar, sai na ari ƙungiyar wata jiha ta Arewa na mayar da ita tawa. Kuma tunda babu mai ja da ni a fagen, nan da nan na zama malami. Da an idar da azahar an buɗe kwanonin abinci sai in buɗe karatu: yadda gasar ta faro da ƙungiyoyin ma'aikatu da kamfanoni, mutum ya tashi daga ofis ya ɗaura takalmin ƙwallo; yadda daga baya aka mayar da ita ta ƙwararru, wasa ya zama sana'a. In lissafa musu tsarin da yatsu: ƙungiyoyi ashirin, kowa ya je gidan kowa, nasara maki uku, canjaras ɗaya, na saman tebur ya ɗauki kofi, huɗun ƙasa su gangara ƙaramin rukuni. (Tsakani da Allah, tarihin nan duka a bakin wani dattijo na tsince shi a cikin mota, kuma rabon da in kalli wasa daga farko zuwa ƙarshe har na manta. Teburin maki kawai nake leƙawa a waya.)

Abokin adawata shi ne Alhaji Ladan, mai shagon da ke jikin nawa. Mutum ne mai sanyin murya da zafin baki. Wata rana ya kashe ni da magana a gaban jama'a, ya ce, "Ƙungiyar taku da ba ta cin wasa sai gida? Ko jikokinka ba su ganin kohin ga."

Raina ya ɓaci. Na ture kwano na ce, "Wallahi ranar da munka ɗauki kohi, rago zan kayar, layin ga kowa shi ci shi ƙoshi!"

Ya juya ya dubi mutane, ya ce, "Kun dai ji shi ko?"

Suka ce sun ji.

A shekarar an makara ba a fara gasar da wuri ba. Da aka fara, na lura teburin da nake gani a waya ya yi gajarta, ƙungiyoyi goma kawai. Mai hankali da sai ya tambaya. Ni malami kuwa sai na ce wayar ce ta yanke na ƙasa, kuma me ya haɗa ni da na ƙasa tunda muna sama? Haka muka yi ta zama a sama har aka buga wasan ƙarshe, na duba na ga sunanmu na ɗaya. Washegari na shiga kasuwa hula a karkace. Tun ban buɗe shago ba Alhaji Ladan ya taso ya rungume ni.

"Barka, barka! Malamin lig, bakinka ya kama. To, yaushe za mu ci ragonmu?"

Ban taɓa ganin Alhaji Ladan ya karɓi kaye da fara'a haka ba, amma daɗi bai bar ni na yi tunani ba. Na ce gobe bayan la'asar, a ƙofar gidana a Tudun Wada.

Sai da na zauna na tuna cewa duk abin da na mallaka yana cikin kaya, kuma rago ya yi tsadar da ba a magana. Rago ɗaya nake da shi a duniya. Matata Asma'u tana da tsohon ciki, na fari, ta koma gidan iyayenta a Gidan Igwai goyon ciki. Na sayi ragon suna tun da wuri, fari mai baƙin wuya, na ɗaure shi a can saboda gidan hayata ba fili. Lissafin asibiti ya ce akwai sauran makonni. Na ce wa raina, ai kafin ta haihu na sayar da kaya na maye gurbinsa, babu wanda zai sani.

Matsalar ita ce surukina. Baba Malam ɗan gidan malamai ne, ya yi aikin gwamnati ya huta, ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, amma in ya dube ka ta saman gilashi sai ka tuna laifin da ka yi tun kana firamare. Na je da hantsi na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kame-kame, sannan na ce, "Baba, na ga kamar ragon ga bai cin abinci sosai. Ina son in kai a duba shi."

Ya waiga ya dubi ragon. Ragon kuwa, Allah ya isa tsakanina da shi, ya tusa kai cikin bahon dusa yana ci kamar an biya shi.

Baba Malam ya ce, "To. Allah shi ba shi lahiya."

Ina jan igiya Asma'u ta leƙo daga soro, hannu dafe da ƙugu, ta ce tun asuba bayanta ke ɗan riƙewa. Na ce sannu, ta dai riƙa hutawa, zan kira ta anjima. Na cusa ragon a keke mai ƙafa uku muka kama hanya.

La'asar na yi ƙofar gidana ta cika. An shimfiɗa tabarmi, mahauci ya feɗe rago, ya hura wuta, ƙamshi ya kai har bakin titi. Na ɗauko hayar lasifika, mai ita ya haɗa da wayata yana sakin kiɗa. Na sa farar shadda ina ta zagaye ana ce min barka. Ana haka sai ga Bello, abokina tun ƙuruciya, wanda ya je Kano sarin kaya, saukarsa ke nan. Bai ko zauna ba ya kamo hannuna ya ja ni lungun gefen gida.

"Kai, wane kohi kunka ci?"

Na yi dariya, na ce ya duba tebur.

Ya ce, "Wanne daga ciki? Tebur biyu na bana."

Ya buɗe wayarsa ya nuna min. Saboda an makara, an raba gasar rukuni biyu, goma-goma, don a gama da wuri. Ukun saman kowane rukuni za su haɗu a gari ɗaya, su shida, su kara da juna, wanda ya fi maki a nan shi ke ɗaukar kofi. Mu rukuninmu kawai muka jagoranta. Ga ɗaya teburin nan da nasa na ɗayan, wata ƙungiyar Kudu da ban ko san tana gasar ba.

Na leƙa ta lungu, na hango fatar ragon a shanye jikin katanga, na ce, "Bello, wa da wa ya sani?"

"Ina zan sani? Yanzu nis sauka."

"Don Allah, don Annabi, ka yi shiru. Su ci su watse kahin magariba."

Na koma cikin taro da murmushin da ni kaina na san na aro ne. Dabara ɗaya ta rage min: a raba nama da sauri, kowa ya kama gabansa. Na tsaya kan mahauci ina cewa ya sauke haka nan, ya ce bai gasu ba, na ce ai haka ya fi lafiya. Duk wanda ya ciro waya daga aljihu sai gabana ya faɗi. Wani ya yi dariya can gefe, na tabbata da ni yake. Na dubi Alhaji Ladan in karanci fuskarsa, yana zaune ya tanƙwashe ƙafa, ya tara haƙarƙari a gabansa, ba abin da za ka iya tsinta a idonsa.

Sai da nama ya zagaya kowa ya sa hannu, sannan ya goge baki ya ɗaga murya.

"Jama'a, ba a yin walima ba wa'azi. Malamin lig shi tashi shi yi muna bayani yadda anka ci kohin ga."

Aka yi tafi. Na ce ai ba sai an yi dogon zance ba, lokacin salla ya gabato. Suka ce sam. Na miƙe na fara daga ƙungiyoyin ma'aikatu da kamfanoni, ina ja ina ja ko ladanin masallaci zai cece ni da kiran salla. (Ban taɓa ƙosawa da magariba irin ranar ba, har da watan azumi.)

Alhaji Ladan ya katse ni a hankali. "Ƙungiya nawa kunka wuce bana, Malam?"

Na ce, "Da dama."

"Kuma yaushe za a miƙa kohin? Ban ga hoton kyaftin da shi ba."

Na ce, "Ana shiri."

"Allah sarki. Ana shiri."

Bello ya sunkuyar da kai yana wasa da gefen tabarma. Zufa ta jiƙa min shadda har ta manne a baya. A daidai nan kiɗa ya ɗauke, ƙarar kira ta cika unguwa. Mai lasifika ya yi tsaki ya ce, "Maigida, wani Baba Malam ya dame mu da kira tun ɗazu, ni dai ina ta kashewa kada shi ɓata muna kiɗa."

Na yi tsalle na fizge wayar na amsa. Na manta sarai cewa tana haɗe da lasifika.

"Salamu alaikum." Muryar surukina ta fito daga akwatuna biyu, kowanne ya kai tsayin mutum. "Tun la'asar muke biɗar ka. Asma'u ta sauka lahiya, an samu namiji."

Wuri ya kaure da "Masha Allah! Barka! Barka!" Ni kuwa ina durƙushe a kan tabarma (don haka nake amsa wayarsa ko ba ya gani) ina lalubar igiyar da zan cire. Na fizge wata, ashe ta fanka ce.

Baba Malam ya ce, "Ashe taro kake. Mai keken unguwarmu ya ce min walimar kohi ta. Wane kohi kuma? Ɗazu nij ji rediyo na cewa saura wasan ƙungiyoyi shida, ko rana ba a sa ba."

Tsit. Har ƙarar kitse a kan wuta ana ji.

"To, ba komi," in ji shi. "In an ƙare duba ragon a maido shi, kahin ranar suna shi ɗan murmure."

Ya kashe wayar.

Na ɗago kai. Mutum kusan arba'in, kowa da guntun ragon a hannu ko a baki, suna kallona. Alhaji Ladan ya dubi ƙashin da ke hannunsa, ya ce, "Wanga dai da wuya shi murmure." Daga nan wuri ya fashe. Wani ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki, wani nama ya sarƙe shi ana buga masa baya. Ashe duk layi sun sani tun ranar da aka buga wasan ƙarshe, sun haɗa baki kada kowa ya faɗa min sai an sauke nama. Na ce, "Alhaji, wanga ba zalunci ba ne?" Ya ce ai shi ɗalibi ne, bai isa ya gyara wa malami karatu ba. Ya kuma ƙara da cewa rantsuwata tana nan daram, tunda ba a ci kofi ba, wannan sadaka ce kawai.

Ban san yadda na isa asibiti ba. Na tarar da Baba Malam a baranda da carbi. Na zube ina neman kalmar da zan fara da ita, ya dube ni ta saman gilashi, ya ce, "Shiga, suna ciki." Bai ƙara ko harafi ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Asma'u tana kwance, fuska duk ta faɗa, jaririn a gefenta. Ta shaƙi ƙaurin hayaƙi da maiƙo da ke jikin shaddata, ta daɗe tana kallona.

"Ina ta ce ma Inna a kira ka, tana ce min kana hanya," in ji ta. "Ashe kohi kake ɗauka."

Na ce ta yi haƙuri.

Ta juya fuska bango, ta ce, "Ko tsoka guda ba ka rage ma mai jego ba."

Wannan maganar ta fi dariyar mutum arba'in zafi.

An yi suna, an yanka rago, amma babur ɗina ne ya koma ragon, kuma bai kai rabin wancan ba. Ƙungiyarmu ta je wasan 'yan shidan ta dawo hannu rabbana. Ni kuma na rufe makarantar lig, yanzu in ana musun ƙwallo a layi sai in duƙufa awon yadi. Tafiyar ƙafa daga Tudun Wada zuwa kasuwa ta ba ni isasshen lokacin tunani, kuma abin da na tsinta bai wuce wannan ba: abin da ka sani bara, ka tambaya ko yana nan bana, kafin ka kira mahauci.