Tumbin Aro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Tabawa ta zo kallon mijinta a kwamfuta ba. Amma bari in faro daga tumbina.

Ni dai siriri ne tun fil azal, in na juya gefe sai a neme ni a rasa. Wata kaka 'yan gidan talabijin suka zo garinmu ɗaukar masu cirar gyaɗa, suka tsayar da ni da taubashina Malam Garba a bakin gona muka yi ta zuba. Da aka sa shirin, 'yata Hauwa da ke karatu can wajen Rijiyar Zaki ta naɗe shi a kwamfutarta, ta zo da shi hutu.

Tana kunnawa na ga wani bawan Allah mai kumatu, ƙirji faffaɗa, ga tumbi daidai misali. Wallahi ni ne! Hauwa ta ce, "Baba, bari in gyara. Hoton nasu bai kai fuskar kwamfutar faɗi ba, shi ne ta ja shi gefe da gefe don ya cika." Na ce, "Kul kika taɓa. Abin da tuwo ya kasa yi mini, inji ya yi, ke za ki ɓata?"

Haka na yi ta tara mutane a zaure (har wanda ba ma gaisawa sosai na aika aka kira). Garba ya kalla ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Taubashi, wannan tumbin na aro ne, wata rana za ka mayar."

Da damina ta kama, ciwon kumburi ya kwantar da Garba, ƙafa da fuska duka. Bai tashi ba. Allah ya jiƙansa.

Bayan matarsa Tabawa ta fita takaba, sai ta shigo gidana da la'asar ita da wasu mata. Ta ji an ce Malam yana magana a cikin na'urar Hauwa, ita kuwa ba ta da hotonsa ko ɗaya. Aka shimfiɗa tabarma. Hauwa ta dube ni, ni kuma da guntun rashin hankalina na yi mata ido: yadda muka saba. (Mata ne fa suka taru. Ku yi mini adalci.)

Garba ya fito yana dariya, da damin gyaɗa a hannu. Ina jiran a ce "Kai, Baban Hauwa, ka yi kyau," sai Tabawa ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Yaushe aka ɗauki wannan?"

Na ce da kaka.

"Da kaka?" Ta nuna hoton mijinta da yatsa. "Dubi fuskarsa. Ashe tun a lokacin ya fara kumbura? Ni da nake ba shi abinci kullum ban lura ba? Da na gani ai da mun kai shi asibiti tun da wuri."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar nan za ta koma gida da wannan a zuciyarta har ta mutu, saboda kawai ina son tumbi.

Na ce, "Tabawa, lafiyarsa ƙalau a lokacin. Ni ne na hana a gyara hoton don in yi ƙiba. Hauwa, mayar da mu yadda Allah ya yi mu."

Ta danna wani wuri. Baƙi ya fito dama da hagu, muka tsuke a tsakiya. Ga Garba da doguwar fuskarsa da wuyan nan nasa, ga ni a gefe kamar karan da aka sa wa hula.

Tabawa ta daɗe tana kallo. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Yawwa. Wannan shi ne Malam." Can ta waiwayo, "Kai kuma, Baban Hauwa, ashe har a talabijin yunwa ba ta barinka."

Matan suka fashe da dariya, har uwargidana, wadda ta fi kowa.

Garba ya ce zan mayar, na kuwa mayar, a gaban matarsa. Yanzu ko babbar riga aka ba ni aro, sai na tambaya ko akwai wanda za ta sa kuka kafin in saka.