Yadda Za Ka Zaɓi Kushin Da Ƙanin Matarka Ba Zai Iya Kwana A Kai Ba

Ɗan'uwa, idan ƙanin matarka ya zo kwana biyu har ya san ranar zuwan mai shara, kwantar da hankalinka. Ni ɗaukar kujeru nake yi a shagon kushin, na ga faluka iri-iri. Bi waɗannan matakai, na yi maka alkawari falonka zai dawo hannunka. Da telan layinmu zan ba ka misali, shi da ƙanin matarsa Dogo.

1. Auna baƙon, ka bar falon

Masu ilimi za su ce ka auna bango. Bango ya taɓa cinye maka abinci? Tela ya jira Dogo ya yi barcin rana, rimot a ƙirji, ya zaro tef ɗinsa ya auna shi daga kai har diddige. Da Dogo ya buɗe ido, sai Tela ya ce masa riga zai ɗinka masa. Kai ma ka tanadi irin wannan amsa.

2. Je shago kai kaɗai

Kushin mai haɗe-haɗe za ka nema, wanda ake jera shi gida-gida ya lanƙwasa a kusurwa. Mata suna son sa, don haka ba za a zarge ka ba. Amma kada ka je da matarka. Ita laushi za ta duba.

3. Guji dogon ɓangaren nan

Akwai wani sashe da ake miƙe ƙafa a kai. Wannan gado ne aka sa masa kayan kujera. Maigidanmu, mai shagon, ya yi ta yaba wa Tela shi, wai ko baƙo aka yi ya samu makwanci. Tela ya ja da baya kamar an nuna masa maciji.

4. Kwanta ka gwada

Cire kunya, cire takalmi. Tela ya bi kushin ɗaya bayan ɗaya yana kwanciya, mu muna kallo. Wanda ya ji daɗinsa, ya tashi da sauri. A ƙarshe ya samu nasa: soso kamar bulo, leda mai santsi, hannu mai tsini, ga ƙugiyoyin da ke riƙe gidajen ba su da ƙarfi. Yana juyawa suka rabu, ƙugunsa ya faɗa tsakiya. Daga can ƙasa ya ɗaga hannu ya ce a ɗaure masa wannan.

Ka riƙe wannan hikima: kushin na ƙwarai shi ne wanda baƙo zai zauna ya tuna yana da gida.

5. Shirya bayani

Ka ce mata taurin yana gyara baya. Ka ambaci likita, ba sai ka faɗi wanne ba.

6. Toshe bakin masu kawo kaya

Nan Tela ya yi sake. Ya gaya mana sirrinsa a shago, bai ce mu yi shiru ba. Muna sauke kayan, matarsa na shafa ledar tana murna, abokin aikina ya share gumi ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi nan yadda ka ce. Wallahi ko Dogon nan aljani ne ba zai runtsa a kai ba."

Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta ba mu ruwa, ta yi mana sannu, ta shiga ɗaki ta fito da filon Tela ta ajiye a kan sabon kushin. Ta koma ɗaki, sai muka ji ƙarar makulli.

Washegari na koma kai ƙafar kujera ɗaya da muka manta. Na tarar da Tela a maƙale tsakanin gida biyu na kushin, wuya a karkace. Dogo kuwa yana shimfiɗe a kafet, ya tattara matasan kushin duka ya yi katifa da su. Ya matsa gefe kaɗan ya ce, "Yaya, sauko mana, akwai wuri. Af, ina maganar rigata?"

Sanarwa

Ni dai ɗauka nake yi in sauke. Ciwon wuya, kulle ƙofa, da ɗinkin riga kyauta, babu ruwana a ciki. Kuma shagonmu ba ya karɓar kayan da maigida ya riga ya kwana a kai.