Ƙarfen da Na Zaɓa wa Ɗana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka gwada ɗana Habu a gaban Sarkin Maƙera. Shekarun nan ne da jirgin ƙasa ya fara zuwa Malam Madori, ƙarafan Nasara suka cika kasuwar Haɗeja. Ni kuwa a unguwarmu an san ni da ido. Ko tsakuwa ɗaya ce a kwanon shinkafa sai na tsamo ta, kuma ba na faɗa sau biyu.

Al'adar maƙera, mutum ba ya kafa uwar maƙera tasa sai ya zo da ƙarfensa, ya haɗa guda biyu a wuta su zama ruwan garma ɗaya, manya suna kallo. In ya kasa, sai ya koma jan zugazugi har wata shekara. Habu ga gemu, ga mata da goyo, ga manoman fadamar Auyo sun yi masa alkawarin aiki.

Da safe na leƙa jakarsa, na ga wasu guntayen baƙin ƙarfe duk tsatsa. Raina ya ɓaci. Ɗana zai fita gaban mutane da wannan tarkace? Na watsa su bayan rumbu, na ɗauko ɓallin tukunyata ta kanti mai ƙafa uku da ta fashe, mai nauyi, sumul. Har da toka na goge shi (ku ji ƙarfin hali).

Habu ya juya shi a hannu ya ce, "Inna, ai wannan…"

Na ce ƙarfe ƙarfe ne, uwarsa ta zaɓa, ya wuce. Ya buɗe baki, na kalle shi, ya rufe.

A wurin gwajin na tsaya bayan zana da mata, ina gaya musu su zuba ido. Ƙarfe ya yi ja, Habu ya kamo shi da awartaki, ya ɗaga masaba. Bugu ɗaya, abin ya wargaje kamar ƙuliƙuli. Wani ɓalli ma ya faɗa cikin takalmin wani dattijo, ya tashi yana tsalle da ƙafa ɗaya.

Sarkin Maƙera ya tsinci guntu ya duba. Ya ce ƙarfe dangi-dangi ne: na tama da ake narkawa daga dutse daban, na dogo, wato titin jirgi, daban, jan ƙarfe da tagulla aikin maƙeran fari ne, shi kuwa na tukunya zuba shi ake yi, ba ya ɗaukar duka. Wanda bai san wannan ba, bai isa uwar maƙera ba. Ya tambayi Habu wa ya ba shi. Ɗan nan ya sunkuyar da kai ya ce shi ya zaɓa.

Nan na so ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Na ɗaga murya daga bayan zana na ce, "Ranka ya daɗe, tukunyata ce. Ya so ya faɗa, na hana shi."

Sai dariya ta ɓarke. Sarkin ya ce to a ɗauko nasa na asali. Ni, da girmana, na koma gida na durƙusa bayan rumbu ina tone kashin awaki ina neman tarkacen da na raina.

Habu ya haɗa su lafiya, ya sami uwar maƙerarsa. Har yau mata in sun gan ni sai su tambayi lafiyar tukunya.

Idona yana nan, ban daina gyara wa mutane zama ba. Amma yanzu in Habu ya ce "Inna, ai wannan…", ina haƙuri ya kai ƙarshen maganarsa. Sannan in yi faɗan.