Yadda Za Ka Burge Surukinka da Wayar Talabijin

In har yau surukinka "kai wannan" yake ce maka, alhali mijin babbar 'yarsa "ɗana Injiniya" ne, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan biyar, na rantse kafin la'asar ya san da zamanka. An gwada su a kan wani Malamin Tuƙi, mijin autar wani gida, kuma sun yi aiki har sun wuce yadda ya so.

1. Jira ranar da Injiniya ba ya nan

Ba a nuna ilimi a gaban wanda ya karanta shi. Malamin Tuƙi ya yi shekara huɗu yana dako, har ranar da surukinsa, Baba, ya sayo ƙatuwar talabijin, ya sa faifan bidiyon ranar da Auta ta kammala karatu. Sai ga mutane dishi-dishi, kamar ta gilashin mota ana ruwa.

Baba ya ce, "A kira min ɗana Injiniya."

Auta ta ce, "Ya yi tafiya, Baba."

Malam ya yi zumbur ya miƙe. "Baba, ai matsalar waya ce."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Kai wannan, ka san waya?"

2. Zagi wayar da ka tarar

Leƙa bayan talabijin, ka ja dogon tsaki. Za ka ga waya mai kai uku: ja, fari, rawaya. Ja da fari na murya ne. Rawayar nan, baiwar Allah, ita kaɗai ke ɗauke da hoton duka, kamar an loda iyali a babur ɗaya. Faɗi wannan da ƙarfi, a ji ka har kicin.

Amma kada bakinka ya yi gaba da kai. Malam ya ce, "Wane jahili ne ya haɗa wannan?"

Baba ya ce, "Ni ne."

"Shi ya sa na ga ta zauna daram, Baba."

3. Jarraba mai kai biyar

Kore, shuɗi da ja na hoto, sai wani jan da fari na murya. Ta fi mai uku nesa ba kusa ba. Illarta ɗaya, ja biyu ne, kuma wanda ya ƙera ta bai taɓa durƙusawa a bayan talabijin da ƙura a hanci ba.

Malam ya musanya su. Fuskar Auta ta koma koriya shar, talabijin ta kama ƙugi. Mama, surukarsa, ta saki faranti. "Innalillahi! Me ka yi wa 'yata?"

A nan kada ka kuskura ka ce kuskure ne. Gwani ba ya kuskure, gwaji yake yi. Malam ya share gumi ya ce, "Ina duba ko koren yana aiki ne, Mama. Alhamdulillahi, yana aiki."

4. Bar wayar HDMI sai ƙarshe

Kai ɗaya ne da ita, mai faɗi, tana kai hoto da murya tare, ba ja balle rawaya. Duba kwalin na'urar faifan, sau da yawa tana nan kwance a ledarta ba wanda ya kula ta. Kada ka faɗa. Zura ta cikin aljihu a ɓoye, ka zagayo, ka zaro ta kamar da ita kake yawo. Ambaci sunanta harafi-harafi, kana lumshe ido. Soka ta, ka danna rimot talabijin ta koma kan ramin da ka soka ta.

Hoto ya fito tar! Har zaren rigar Auta ana ƙirgawa. Baba ya gyara tabarau, ya buɗe baki.

"Kai! Ɗana, zo ka zauna nan kusa da ni."

Malam ya ji hawaye na neman zubo masa, don wallahi kalmar nan kaɗai yake so a duniya.

5. Tashi ka tafi nan take

Wannan ne babban mataki, shi ne kuma Malam ya tsallake. Ya baje a kujera yana shan lemo.

Faifai ya kai inda aka fito waje ɗaukar hoto. A bayan Auta, a wani lungu da a da duhu-duhu kawai ake gani, sai ga wata 'yar mota mai alamar koyon tuƙi tana ja da baya a hankali, har ta daki fitilar motar Baba. Direban ya fito, ya waiga dama, ya waiga hagu, ya tura fasassun gilasai ƙarƙashin mota da ƙafa. Ya gyara wuyan riga, ya shigo cikin hoto yana murmushi.



Baba ya ce, "Auta, mayar baya."

Sau uku ana mayarwa, sau uku Malam yana dukan fitilar nan.

"Shekara da shekaru ina tsine wa mai gadin wurin nan, bawan Allah. Ashe a gidana mai laifin yake cin abinci. Kuma wai kai ke koya wa mutane tuƙi!"

"Baba, sabbin wayoyin nan suna ƙara abin da babu. Bari in mayar da tsohuwar."

Baba ya riƙe masa hannu gam. "Bar ta. Zauna, ɗana. Ba mu gama kallo ba."

Gargaɗi: mai wannan rubutu ya yi alkawarin hoto mai kyau ne kawai, bai ce abin da ke cikin hoton zai yi kyau ba. Duk wanda aka kora, aka yi wa yaji, ko aka daina amsa gaisuwarsa, ba ruwana, kada a zo min gida. Malamin Tuƙi dai buƙata ta biya, Baba ya san shi sarai. Duk baƙon da ya shigo gidan yanzu sai an kunna masa wurin nan, kuma shi ake aika wa ya zo ya haɗa wayar.